Harshe ne alƙalin zobo

A Tirkaniya, daga bakin babban titin Nnamdi Azikiwe da ya zagaye Kaduna ta yamma har zuwa lungunan da suka miƙa wajen Nasarawa da Kudenda, da wuya mutum ya ƙare layi guda bai ga kula a ƙofar wani gida ko gaban wani shago ba, an shaƙe ta da gorunan zobo da ƙanƙara. Idan zafin Maris da Afrilu ya kankama, mai keke-napep da mai faci da ɗan makaranta duk nan suke tsayawa. Da azumi yana cikin abin da ake fara miƙa wa hannu bayan dabino da ruwa, da Kirsimeti kuma shi ake ɗurawa a jarkoki a kai wa maƙwabta tare da shinkafa. Zobo dai ya wadata. Masu sanin na gari ne suka ragu, domin al'adar da ke koya wa mutum saninsa, wato ɗanɗanawa kafin a saya ko kafin a kai gaban baƙo, ta fara ja da baya tun lokacin da zobo ya bar randa da ƙwarya ya koma cikin gorar roba mai murfi. Matsayina a nan ɗaya ne: ingancin zobo yana cikin tsaminsa, kuma duk abin da aka zuba masa, sukari ne ko citta ko abarba, tambaya guda ake yi masa, ya taya tsamin fitowa ne ko binne shi ya yi.

Hukuncin yana farawa tun a gaban mai awo. Da damina ake shuka yakuwa, sau da yawa a gefen gonar gero ko dawa, a tsinke soborodonta da kaka, iskar hunturu ta busar da shi. Jigawa ce kan gaba wajen nomansa, kuma ta manyan kasuwanni irin su Maigatari da Dawanau yake bi kafin ya sauka a Kasuwar Gumi ko kasuwar Litinin ta Kakuri, inda ake awonsa da mudu. Macen da ta san hannunta ba kuɗi take fara tambaya ba. Hannu take cusawa can ƙasan buhu, don ta san na sama ado ne, ta damƙo ta matse. Wanda ya bushe da kyau ƙaras-ƙaras yake yi a tafin hannu, wanda ya sha danshi kuwa lanƙwashewa yake yi shiru, kuma idan aka kai shi hanci akan ji alamar fumfuna. Sai ta buɗe hannun ta duba abin da ya maƙale a tsakanin yatsu, gari ne ko yashi ko gurguzu. Daga nan ta jefa guda ɗaya a baki ta tauna. Na bana nan take yake tsinko yawu. Na bara ya koɗe ya koma ƙasa-ƙasa, sai an daɗe ana tauna kafin ya ce wani abu. Ta kuma san baƙin ya fi ba da launi, ja mai haske ya fi tsami, shi ya sa gwanaye da yawa suke haɗa biyun a tukunya ɗaya, su bar farin ga masu miya da masu sha'awarsa. Wannan binciken ya ƙara zama dole tun da soborodo ya zama hajar fitarwa waje. Meksiko tana cikin manyan masu sayen na Najeriya, kuma dillalan da ke tara mata kaya cikakke mai tsabta suke nema. Abin da aka tankaɗe aka bari ba ya komawa gona, kasuwar gida yake shigowa.

Bayan tukunya sai ido. Ana zuba kaɗan ne a kofin gilashi ko farin kwano a ɗaga wa haske. Zobo na gari jansa mai zurfi ne, ya tasam ma baƙi a tsakiya, ya yi haske a gefe, kuma idan aka karkata kofin yana ɗan kama jikinsa kafin ya gangara. Wanda aka bari a wuta ya wuce ƙa'ida ya kan juya ya yi ruwan ƙasa, wanda aka dafa a tsohuwar tukunyar ƙarfe ya dushe. Wanda aka yi wa tsarki da ruwa, wato aka sake dafa ganyen da aka riga aka tace sau biyu ko uku, shi ne ake rufa wa asiri da kala, sai ya fito ja wur iri ɗaya daga sama har ƙasa, jan da babu ganyen da ke bayarwa. Akwai gwaji mai sauƙi da bai buƙatar ɗakin bincike. Launin soborodo yana sauyawa da tsami ko rashinsa: a ɗiga masa lemon tsami ya ƙara haske, a ɗiga masa ruwan kanwa ya juye ya yi duhu mai shuɗi-shuɗi nan take. Kalar kanti ba ta san wannan ba, yadda take haka za ta zauna. Abin sha'awa, wannan rigima ta launin gaskiya da na ƙarya har a Turai ana yin ta a kan furen nan namu. Suna da wata giya mai ƙarfi da suke kira absint, wadda ake yi da wani ɗan'uwan tazargade, Faransa ta haramta ta a 1915 ba ta janye dokar ba sai 2011. Yawancinta kore ce ko fara, amma akwai ja, kuma masu yin ta da gaskiya da soborodo suke rina ta. Masu yi mata alƙalanci suna ɗiga mata ruwan sanyi sannu a hankali suna kallon yadda take gauraya ta yi hazo, kuma wadda aka rina da kalar masana'anta tun daga nan take faɗuwa a idonsu. Su ma dai ido share fage yake yi, baki ke yanke hukunci.

A nan ne gwanintar take, kuma a nan ne tsofaffin mata suka fi kowa. Ba a ɗanɗana zobo da ƙanƙara a ciki, domin sanyi yana kashe harshe, yana ɓoye ƙarancin ganye, yana ɓoye yawan sukari. Ludayi ake sakawa bayan ya huce, a ɗebo ɗan kaɗan, a fara kai shi hanci. Ƙamshin soborodo ya kamata ya fara iso, citta ta biyo, kanumfari ya tsaya can baya kamar ba ya nan. Idan kanumfari ne ya tare ƙofa, an cika hannu, kuma zai bar ɗaci da ɗan mutuwar harshe. Idan ƙamshin alawa ne ya daki hanci, an zuba filebo, sauran magana kuma ta zama ta neman abin da ake ɓoyewa. Sai a kurɓa, a riƙe a baki, ba a haɗiye da wuri. Tsamin zai kama gefen harshe biyu, yawu ya taru, zaƙi ya zo ya rarrashe shi ba tare da ya kore shi ba. Bayan an haɗiye akwai ɗan bauri da ke busar da dasashi na ɗan lokaci, shi ne shaidar an sa ganye isasshe. Can sai citta ta taso daga maƙogwaro da ɗuminta. Mai ɗanɗanon kan yi shiru a wannan gaɓar, ta ɗan tsuke baki, ta kalli gefe, kafin ta ce ya yi, ko ya yi ruwa, ko sukari ya danne shi, ko bai ji citta ba. Cittar nan ma abin alfahari ce ga mutanen jihar, don daga Kachia da Jaba da Kagarko take fitowa, kuma yajinta sananne ne har a ƙasashen waje. Da wata cuta ta afka wa gonakin citta na kudancin Kaduna a daminar 2023 farashinta ya yi tashin gwauron zabo, wasu masu zobo suka koma cike gurbinta da barkono. Harshen da ya saba ba ya ruɗuwa: yajin barkono a leɓe da kan harshe yake tsayawa yana ƙuna, na citta a ƙasa yake zama yana ɗumama ƙirji.

Wanda bai saba ba yakan ɗauka duk tsami ɗaya ne, alhali biyu ne, kuma rabe su shi ne rabin sanin zobo. Akwai tsamin ganye, mai tsabta, wanda ke zuwa ya wuce ya bar baki wasai. Akwai kuma tsamin kwana, na zobon da aka sa wa sukari aka bari cikin zafi. A unguwar da wutar lantarki ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, firji ba abin dogaro ba ne, kuma zobo mai sukari, balle wanda aka markaɗa wa abarba, ba ya jure kwana ɗaya ko biyu a zafin bazara. Alamunsa ba sa ɓuya ga mai lura. Gorar takan kumbura ta yi tauri, idan aka murɗa murfin ta yi tsaki, ƙananan kumfa su taso, a ji wani tsini-tsini a harshe da wari mai kama da na ƙullun da ya kwana. Mai sayarwar da ba ta son asara takan ƙara sukari ta mayar cikin ƙanƙara, ita kuwa ƙanƙara ba ta tona asiri sai an kai rabin gora.

Wannan ne ya sa al'adar ɗanɗano take da amfani fiye da ladabi kawai. A da, mai zobo tana da ƙaramin ƙoƙo ko ludayi a gefen ƙwaryarta, kamar yadda mai fura da nono take da nata. Mai saye ya ce, “Mama, a ɗan ɗanɗana mini,” ta ɗebo ta miƙa ta ce, “Sha mana, ɗana, ka ji da bakinka.” Ba a biyan kuɗin wannan, ba a kuma jin haushi idan ya sha ya wuce. Maƙwabtanmu masu burkutu a wannan ɓangaren kogin Kaduna har gobe suna riƙe da irin wannan ƙa'ida, ana ba mai saye ɗan kaɗan a ƙoƙo ya ji kafin ya ce a zuba. A gidan biki ko suna kuwa ba wadda ta dafa ce ke yanke hukunci ba. Takan ɗebo ta kai wa wata babba a cikin dangi ta ce, “Yaya, ji mini wannan, ya ji sukari?” Sai wannan ta amince ake ɗurawa. Ana saɓani a kan dalilin da ya sa mai gida ko mai sayarwa takan fara kurɓa a gaban mutum kafin ta miƙa masa. Wasu na cewa tsohuwar hanya ce ta nuna babu sammu babu guba a ciki. Wasu na cewa ba komai ba ne illa duba ko sukarin ya kwanta a ƙasa. Ni na fi karkata ga cewa duka biyun abu ɗaya suke faɗa, wato mai abin ta tsaya a bayan abinta, ta yarda a kama ta da laifi tun kafin kuɗi su shiga hannunta. Gorar da aka ɗaure aka binne a ƙanƙara ta kawar da wannan duka. Yanzu cinikin biri a sama ake yi, a biya, a tafi, a buɗe a hanya.

Za a ce ai ɗanɗano ra'ayi ne, kowa da bakinsa, wani na son zaƙi wani na son tsami, don me za a ɗora wa jama'a harshen tsofaffi? Akwai gaskiya a ciki, kuma ba wanda ya isa ya ƙayyade wa wani cokali nawa na sukari zai sa a kofinsa. Amma abubuwan da aka lissafa a sama yawancinsu ba ra'ayi ba ne. Ko ganyen na bana ne ko na bara, ko an tace yashi, ko dahuwar farko ce ko ta uku, ko launin na ganye ne ko na kanti, ko ya fara lalacewa, duk waɗannan abubuwa ne da suke ko dai haka ne ko ba haka ba, kuma mutum biyu masu lafiyayyen harshe za su haɗu a kansu. Ra'ayi yana shigowa ne bayan an tsallake waɗannan. Sukari a zobo kamar gishiri ne a miya, kowa da gwargwadonsa, amma ba a taɓa yabon miya da cewa ba a jin komai a cikinta sai gishiri. Wanda kuma aka shayar da ruwan alawa tun yana firamare har ya girma, bai zaɓi zaƙi a kan tsami ba, tsamin ne ba a taɓa gabatar masa ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ta masu sana'ar ce. Mace za ta ce mudun soborodo ya hau, sukari ya hau, citta ta hau, ƙanƙara saye ake yi, mai saye kuma ba ya son a ƙara ko sisi a kan kuɗin gora; idan ba ta ƙara ruwa ta rufe da kala da sakarin ba, da me za ta ci riba? Wanda ya san tarihin wannan yanki ba zai yi mata dariya ba. Unguwannin kudancin kogin sun cika ne da ma'aikatan masaƙu, tun daga masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 har zuwa UNTL da Arewa da suka biyo baya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, dubban magidanta suka zauna ba albashi, kuma a gidaje da yawa kular zobo da kunun zaƙi ta uwar gida ce ta riƙe kuɗin makaranta. Duk da haka lissafin bai tsaya inda ta tsayar da shi ba. Zobo ba hajar baƙo mai wucewa ba ce, hajar unguwa ce, mutanen da suka saya jiya su ne za su saya gobe. Sakarin yana barin wani ɗaci mai kama da ƙarfe a bayan harshe wanda ko yaro yana ji, ko da bai san sunansa ba. A kowane layi an san gidan da zobonsa ke ƙarewa kafin la'asar, an kuma san kular da ke kwana da kaya, kuma ba kasafai mai araha ce ke fara sayarwa ba. Hanyar da ta fi gaskiya ita ce a rage girman gora a bar zobon da ƙarfinsa. Mai saye yana yafe ƙaramar gora, tsululun ruwa ne ba ya mantawa.

Sai rigimar kanwa, wadda ta raba gwanaye da kansu. Wasu suna jefa ɗan ƙanƙanin gutsure a tukunya don a karya kaifin tsamin, a rage sukarin da za a sa, kuma masu gyambon ciki su iya sha. Wasu suna ganin wannan kashe zobo ne. Duka suna da abin riƙewa, amma kofin da kansa yana nuna inda iyakar take: da zarar launin ya bar ja ya koma shuɗi-baƙi, baki ya ji santsi-santsi da lami, an wuce gona da iri, an cire abin da ya sa ake kiransa zobo. Wanda tsamin ya yi wa yawa, ruwa da ɗan mazarƙwaila ko dabino sun fi masa kanwa. Ɓawon abarba da kokwamba da ɓawon lemo kuwa, waɗanda suka yaɗu a unguwa irin Tirkaniya inda Bahaushe da Bagwari da Bajju da Ibo da Bayarabe suke sayayya a kula ɗaya, ban ga dalilin yi musu kallon bidi'a ba. Ɓawon abarba da aka wanke aka dafa tare da ganyen yana zagaye tsamin ya ƙara masa ƙamshi. Na'a-na'a ma haka. Matsalar tana farawa ne idan aka sha aka ce wannan lemon abarba ne mai ja.

Masu sha don lafiya su ma maganar ta shafe su. An daɗe ana cewa zobo yana sauke hawan jini, kuma binciken da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010, ya ba mutum 65 kofi uku a rana na tsawon mako shida, wasu na jiƙon soborodo wasu na abin da ya yi kama da shi, aka ga awon sama na masu shan na gaskiyar ya sauka da kimanin maki 7. Wannan bai mayar da shi madadin maganin asibiti ba, kuma amfanin yana cikin ganyen ne. Dattijon da likita ya ce ya rage lemon kwalba, ya koma shan gora biyu ta ruwan kala da sukari a kullum yana ganin magani yake sha, cutar kansa yake yi da kuɗinsa.

Don haka roƙona ga masu sana'ar a Tirkaniya da kewaye shi ne su dawo da ɗan kofin ɗanɗano gefen kula, su kuma ware ko gora biyar ce marar sukari don masu ciwon sukari da masu son su haɗa da hannunsu. Kai kuma mai saye, ka nemi a ɗanɗana maka, ka bar ƙanƙarar ta saki kafin ka yanke hukunci, idan ka samu na gari ka faɗa wa mai shi a gabanta, ka kuma biya abin da ta ce ba tare da ja-in-ja ba.